Jan Littafin Sista Rekiya

Rekiya Uthman 'yar Toto ce a jihar Nasarawa, ta huɗu a wurin mahaifinta wanda ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a firamare. Gajeriya ce mai kauri, mai saurin tafiya, kuma duk inda ta zauna ba a daɗewa ake komawa kiran ta Sista saboda aikin jinya da ta koya. Shekara uku ke nan muna maƙwabtaka da ita a Masaka, katanga ɗaya ta raba mu. Labarin nan ba a zama ɗaya ta ba ni shi ba. Tsintarsa na yi guntu-guntu, wani muna gyaran wake, wani muna jiran mota a bakin titin Keffi.

Ta shigo Abuja da ƙuruciyarta bayan ta auri Malam Tawfiq, wanda yake aikin awon filaye a wata ma'aikatar tarayya. Ta samu aiki a wani asibiti mai zaman kansa a Garki, ta yi shekara goma sha ɗaya a can, fiye da rabinsu a aikin kwana. Ta ce a lokacin tana alfahari da cewa barcin awa huɗu ya ishe ta. Ranar da ta daina wannan alfahari ita ce wata safiya da ta kusa ɗaura wa wani dattijo ruwan da ba nasa ba. Abokiyar aikinta ce ta riƙe mata hannu. Ta karanta sunan da ke jikin ledar sau biyu, idonta biyu, amma ba ta ga kuskuren ba. Likitan da ke bakin aiki bai yi mata faɗa ba. Ya zaunar da ita ya gaya mata cewa mutumin da ya daɗe bai runtsa ba ƙwaƙwalwarsa takan yi nauyi kamar ta wanda ya sha abin maye, kuma mafi muni shi ne ba ya sanin hakan ta faru. Ya tura mata wasu rubuce-rubuce a waya. Tun daga nan ta kamu da karatun abin da masana suka gano game da barci, tana karantawa a mota, tana karantawa a layin cefane.

Da ta ji ana neman nas a wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke kusa da Paikon Kore, ta nema da gudu, don aikin rana ne kuma da gida a ciki. Mai makarantar, Alhaji Hassan, tsohon darakta ne da ya yi ritaya. Iyaye daga Gwarinpa da Asokoro suna rububin kawo 'ya'yansu saboda sakamakon jarrabawa, shi kuma ya yi imani sakamakon daga tsarin lokacinsa yake fitowa. Ana kaɗa ƙararrawa ƙarfe huɗu da kwata, a yi karatu kafin sallar Asuba, a yi shara da wanka, a shiga aji. Bayan La'asar akwai ƙarin darasi. Bayan Isha'i akwai karatun dare, wanda suke kira firef, har goma da rabi, 'yan ajin ƙarshe kuma har sha ɗaya da rabi.

Gidan da aka ba ta yana manne da na Malama Bilqis, mataimakiyar shugabar makaranta, Bazazzagiya mai fara'a da iya magana, wadda take koyar da kimiyyar sinadarai. Cikin wata guda sun zama kamar 'yan uwa. Tukunya ɗaya suke ɗorawa ranar Juma'a. Lokacin da naƙuda ta kama Bilqis bagatatan, a bayan motar makaranta Rekiya ta karɓi haihuwar, a gefen hanyar Gwagwalada, da zaninta ta naɗe jaririyar da aka raɗa wa suna Kauthar. Daga ranar Bilqis ta daina ce mata Sista, sai Yaya. Ita kuma tana kiran ta Maman Kauthar.

A ɗakin shan magani Rekiya ta fara lura da wani abu. Yara suna zuwa da ciwon kai, ciwon ciki, jiri, wasu kuma kuka kawai suke yi ba su san dalili ba. Kusan kowane mako sai wata ta yanke jiki ta faɗi a taron safe. Ta gwada su zazzaɓin cizon sauro, babu komai. Idan ta ce su ɗan kwanta kafin ta haɗa magani, kafin ta juyo sun yi nisa, har da minshari, kuma bayan awa biyu ko uku sai su tashi garau su nemi abinci. Sai ta sayi wani jan littafi mai kauri, ta fara tambayar duk wadda ta zo ƙarfe nawa ta kwanta, ƙarfe nawa ta tashi, me take yi don kada barci ya ɗauke ta. Da farko suna ɓoyewa. Da suka ga ba ta kai ƙarar kowa ba, suka saki jiki. Wasu garin kofi suke lasa haka busasshe. Wasu goro. Wasu suna tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi suna karatu. A 'yan ajin ƙarshe ba ta samu wadda take cika awa biyar ba.

Nabilah ce ta fi tsaya mata a rai. Shekararta goma sha shida, ita take zuwa ta ɗaya tun daga aji ɗaya, kuma malamai sun gama sa rai ita za ta ɗaga sunan makarantar a shekarar. Ta zo wata Laraba hannunta yana rawa, ta ce zuciyarta tana bugawa kamar za ta fito. Sai da Rekiya ta kulle ƙofa ta yi ta lallashi kafin yarinyar ta faɗi gaskiya. Wata 'yar uwarta ce ta kawo mata ƙwayoyin hana barci ranar ziyara, tana ɓoye su a cikin safa a cikin matashin kanta. Kuma duk da haka abin da ta karanta ba ya zama. Takan bi shafi ɗaya sau biyar ta wayi gari kamar ba ta taɓa ganin sa ba. Ta ce tana jin ƙwaƙwalwarta ce ta lalace.

Rekiya ta ce mata ƙwaƙwalwarta lafiyarta lau, hutu aka hana ta. Ta yi mata bayani kamar yadda ta fahimta, cewa abin da mutum ya koya da rana a cikin barci ƙwaƙwalwa take tace shi ta adana, wanda bai yi barci ba kuwa yawancin abin zubewa yake yi. Ta ce masana sun ƙiyasta mai shekarunta tana buƙatar awa takwas zuwa goma. Akwai wani sinadari, melatonin, da jiki yake saki idan duhu ya yi don ya kira barci, kuma idan yaro ya balaga sakin nasa yakan yi jinkiri da kamar awa biyu. Shi ya sa matashi ba ya jin barci da wuri, shi ya sa kuma ƙarfe huɗun asuba a wurin jikinsa tsakar dare ce. Ta ƙara da cewa a barci mai nauyi jiki yake girma yana gyara kansa, barcin goshin safiya kuma, wanda ake mafarki a cikinsa, yana da hannu wajen kwantar da rai, don haka kukan da take yi ba gaira ba dalili shi ma yana da tushe.

Nabilah ta kalli littafin da ke kan tebur ta ce, "Anti, kin rubuta zancen ƙwayar?"

"Na rubuta, don in san abin da nake jinya. Babu wanda zai gani. Ni da ke ne."

Suka yi yarjejeniya. Nabilah za ta rage ƙwayar a hankali har ta daina, ranar ziyara ta gaba kuma za su zauna da mahaifiyarta tare su gaya mata. Rekiya ta rubuta mata takardar jinya, kwana uku a mako tana zuwa ta yi barci a lokacin darasin La'asar. Cikin wata guda rawar hannun ta tafi, makinta na gwaji ya koma yadda yake. Labari ya bazu a tsakanin yaran, har waɗanda suke zuwa wannan barcin suka kai goma sha tara. Rekiya ta san ba dabarar da za ta ɗore ba ce, gadaje shida gare ta. Sai ta zauna ta rubuta shawara mai shafi uku zuwa ga Alhaji Hassan: a tashi firef ƙarfe tara da rabi, a soke karatun kafin Asuba a riƙa tada yara daidai lokacin salla, a ba su ƙailula bayan Azahar.

Ta fara nuna wa Bilqis, suna zaune a kan tabarma a bayan gida. Bilqis ta karanta tana gyaɗa kai, ta ce wannan shi ne abin da ta daɗe tana gani a aji, yara ido buɗe amma babu kowa a ciki. Ta ce ita da kanta za ta kai takardar, sai dai Oga mutumin ofis ne, ba ya yarda da magana sai da hujja a rubuce, don haka a haɗa da jan littafin. Rekiya ta ce a'a, akwai sunaye da sirrin yara a ciki, a ba ta kwana uku ta kwafe alƙaluman kawai. Bilqis ta ce babu lokaci, jibi hukumar makaranta za ta zauna, in aka wuce sai wani zangon. Ta ce ita za ta fitar da alƙaluman da daddare ta dawo da littafin da safe.

"Yaya, ni ce fa," in ji ta. "In ba ki yarda da ni ba, da wa za ki yarda?"

Rekiya ta shiga ɗaki ta ɗauko ta ba ta. A lokacin shugabar makarantar tana shirin ritaya, kuma kowa ya san ana duba mutum biyu don kujerar, Bilqis da wani malamin lissafi. Rekiya ma ta sani. Ta ce ko a mafarki ba ta haɗa zancen biyu ba.

Littafi bai dawo da safe ba. Bilqis ta ce ba ta gama ba. Ranar Asabar ta ce yana ofis, ta manta makullin. Ranar Litinin Rekiya tana wanke hannu ta ji hayaniya daga wajen ɗakunan kwana, ta leƙa ta ga ana fito da katifu da akwatuna ana zazzagewa. Alhaji Hassan da kansa ya zo taron safe, abin da bai saba ba. Ya yi dogon jawabi a kan tarbiyya, sannan ya zaro takarda ya fara kiran sunaye. A suna na huɗu Rekiya ta gane. Sunayen suna zuwa ne a jere kamar yadda ta rubuta su, wadda ta fara zuwa wurinta ita ce ta farko. Yara goma sha tara suka durƙusa a kan tsakuwa a gaban makaranta gaba ɗaya. Aka ɗaga wata farar safa sama, aka zazzage abin da ke ciki a kan tebur. Nabilah ba ta kalli safar ba. Ta juya tana neman fuskar Rekiya a cikin layin ma'aikata har ta same ta.

An kori uku a ranar, da Nabilah a ciki, saura wata biyu jarrabawar gama sakandare. Sauran aka ba su noman ciyawa na mako guda, aka kuma ƙara musu awa ɗaya a firef don su rama darussan da suka rasa.

Da hantsi aka kira Rekiya ofis. Jan littafin yana kan tebur, an lanƙwasa kusurwar wasu shafuka. Bilqis tana zaune a gefe. Alhaji Hassan ya ce ya gode wa Allah da ya ba shi ma'aikaciya mai kishi da ta bankaɗo wannan ɓarna. Ya lissafa laifuffukan: ta san yara suna shan ƙwaya ta ɓoye, ta mayar da ɗakin shan magani masauki, kuma an gaya masa tana neman a hana yara tashin Asuba. Wannan na ƙarshen ya fi yi mata zafi, ita da ba ta taɓa bari rana ta fito mata ba ta yi salla ba. Ta amsa cewa zancen ƙwayar ya kamata ta gaggauta sanar da iyaye, ta yarda ta yi jinkiri. Amma ta roƙe shi ya karanta takardarta mai shafi uku, zai ga abin da ta nema. Ya ce wace takarda.

Ta juya ta ce, "Maman Kauthar, ina takardar da na ba ki?"

Bilqis tana kallon wayarta ta ce, "Sista, ai tun farko na ba ki shawara ki kawo rahoto, kika ƙi."

Rekiya ta ce ba ta tuna abin da aka faɗa bayan wannan ba. An ba ta mako guda ta bar gidan makaranta. A cikin makon nan tana jin motsin Bilqis ta bayan bango, tana jin ƙamshin girkinta, amma ba su haɗu ko sau ɗaya ba, don Bilqis ta koma fita ta ƙofar baya. Malam Tawfiq ya so ya je ya same ta, Rekiya ta hana. Suka kwashe kaya zuwa Masaka, inda yake da ɗan gidan da bai gama ginawa ba. Zangon da ya biyo baya aka naɗa Bilqis shugabar makaranta, kuma tsarin lokacin bai canja da minti ɗaya ba.

Watanni biyu ta yi ba ta iya barci sosai, ita da ta san duk ƙa'idojinsa. Ba aikin ne yake damun ta ba. Abin da yake cin ta shi ne yara goma sha tara suna can suna ganin ita ta sayar da su. Ta nemo adireshin gidan su Nabilah a Gwarinpa ta je wata Asabar. Mahaifiyar ta karɓe ta a tsaitsaye, ta saurare ta, ta ce ko ma yaya ne ita uwa ce, ya kamata a ce ta ji daga bakin nas kafin ta ji daga bakin mai gadi. Rekiya ba ta musa ba. Da ƙyar aka kira Nabilah. Ta rame, ta gaishe ta a ladabce, ta tsaya a bakin ƙofar falo. Rekiya ta ba ta labarin yadda aka yi tun daga kan tabarma har ofis. Yarinyar ta saurara har ƙarshe.

"Amma da hannunki kika ba ta, Anti?"

"Da hannuna."

"Ke kika ce babu wanda zai gani."

Rekiya ta ce haka ne. Nabilah ta ce a gaida gida, ta koma ciki. Daga baya Rekiya ta ji cewa sai shekara ta gaba ta rubuta jarrabawar a wata makarantar jeka-ka-dawo, ta ci da kyau, yanzu tana jami'a. Ta tura mata saƙon murna ta wayar mahaifiyarta. Ba a amsa ba.

A Masaka ta samu aiki a wani ƙaramin asibiti kusa da kasuwa. Iyaye sukan kawo mata matasa da ƙorafin lalaci ko taurin kai, ita kuma takan fara da tambayar inda waya take kwana da kuma ƙarfe nawa ake kashe fitila. Ɗana na biyu yana cikin waɗanda ta gyara wa zama. Ta sa muka mayar da cajin waya falo, muka daina ba shi shayi mai kauri da yamma, muka daina tada shi ya yi karatu kafin kiran salla. Tana da mutunci da kowa a layinmu, amma na lura ba ta da aminiya. Ko ni akwai iyakar da ba na wucewa.

Bara surukarta ta rasu a gidanta. Rana ta uku muna zaune a tsakar gida ana karɓar gaisuwa, sai wata mata mai tsadadden mayafi ta yi sallama, direba yana biye da ita da buhun shinkafa. Na ga Rekiya ta daina jan carbi, sai na gane ko wace ce tun kafin a faɗi sunanta. Ta amsa gaisuwar kamar yadda ake amsawa, ta sa aka shimfiɗa mata darduma, aka kawo ruwa. Bilqis ta yi addu'a mai tsawo, ta ba da labarin Kauthar ta shiga firamare, tana yawan tambayar wadda ta karɓi haihuwarta. Da mutane suka ragu ta matso ta rage murya, ta ce rayuwa ba ta da tabbas, idan akwai wani abu da ta yi ba daidai ba tana neman a yafe mata.

Rekiya ta tambaye ta ko ta taɓa zuwa gidan su Nabilah ta faɗa musu yadda littafin ya fita daga hannunta, da abin da ta yi da takardar. Bilqis ta ce ai wannan ya wuce, tada shi ba zai amfani kowa ba, kuma matsayinta a yanzu ba zai bari ba.

"To ki fara zuwa can," in ji Rekiya. "Su uku ne aka kora, gidajensu duk a cikin Abuja suke. In kin gama ki dawo, ƙofata a buɗe take."

Ta miƙe ta raka ta har bakin ƙofa, ta ce wa direban ya mayar da buhun mota, akwai abinci a gidan. Sannan ta dawo ta zauna kusa da ni, ta ce in duba ko 'yan Toto da suka iso da rana an zuba musu tuwo.